Gaisuwar da Adila Ta Kai a Ƙudus

Asabar, 9 ga Agusta, bayan azahar

Yau na shiga aji na tarar mata sun yi cincirindo a kan wayar Radiyya, mataimakiyata. Da suka gan ni kowa ta koma gurbinta. Shekara ashirin da biyu ina koyar da matan aure a Islamiyyar unguwarmu, na san shirun ladabi, na kuma san wanda ba shi ba.

Da aka tashi, Mairo mai bandar kifi ta biyo ni har ƙofar gida. Ta girme ni da shekara uku. A aji ɗalibata ce, a waje kuwa ba ta raga mini.

"Malama, in faɗa miki, ko in bari ki ji a bakin 'yan adaidaita?"

Na ce ta faɗa.

"Hoton Adila ne yake yawo. Wai tana zaune a tsakiyar Yahudawa tana ibada da su."

Na ce ta turo mini, zan duba idan na natsu. Har yanzu ban duba ba.

Ita ce ta farina, saboda haka ba na kiran sunanta, ko a wannan littafi, sai dai in wani ne ya faɗe shi. Shekararta biyu a Ƙudus tana aikin jinya da wata ƙungiya mai ɗaukar yaran Falasɗinawa marasa lafiya, ta ƙetare da su shingayen sojoji zuwa asibitocin birnin. Da izinina ta tafi, da na baffanta Haladu. Zuciyata a natse take.

Lahadi, 10 ga Agusta, bayan asuba

Na duba.

Wani falo ne. Mutane suna zaune a kan 'yan gajerun kujeru, wasu a ƙasa, maza da ƙananan huluna a tsakiyar kai. Ita tana gefen ƙofa, ta cire takalmi, ta naɗe ƙafafu gefe ɗaya, ta sunkuyar da kai cikin hijabinta. Kusa da ita wata Balarabiya ce cikin baƙaƙen kaya. A gabansu akwai kular abinci ɗaure cikin ƙyalle, da ƙullin nan mai kunne biyu da na koya mata tun tana kai wa mahaifinta abinci fadama.

Na zauna a gidajen makoki fiye da yadda zan iya tunawa. Ba wanda yake zuwa ibada da kula. Mutuwa aka yi, ta kai gaisuwa.

Na yi wa Allah godiya. Daga baya na tambayi kaina: me ya sa na kwana ban duba ba, idan da gaske a natse nake?

Litinin, 11 ga Agusta, bayan la'asar

Ta kira. Zan rubuta abin da ta ce yadda ta faɗe shi, don kada gobe son zuciya ya ƙara masa gishiri.

Akwai wata tsohuwa Bayahudiya mai suna Rifka. Shekara huɗu, duk Litinin da Alhamis, tana tsayawa da motarta a bakin shinge ta ɗauki wata Bafalasɗiniya, Nawal, da 'yarta mai ciwon ƙoda, ta kai su asibiti a yi wa yarinyar wankin jini, ta jira, ta mayar da su. Makon jiya wani abu ya faru a hanya, Rifka tana komawa gida ita kaɗai, ba ta kai da rai ba. Ban tambayi wanda ya aikata ba, ita ma ba ta faɗa ba.

Nawal ce ta fara cewa za ta je gaisuwa, ita da aka kashe wa ƙane a wannan yaƙi. Amma ta rasa yadda za ta shiga gidan. Sai tawa ta ce mata, a garinmu ba a shiga gidan mutuwa da jawabi, abinci ake dafawa, a cire takalmi, a zauna. Suka dafa shinkafa da wani ƙaramin wake nasu, ba nama, don kada a rasa mai ci.

"Iya, da muka shiga, jikan matar, soja ne, ya miƙe ya fita. 'Yarta kuwa hannu biyu ta sa ta karɓi kular. Mun yi awa guda ba wanda ya ce uffan. Yanzu maƙwabtan Nawal ba sa amsa gaisuwarta."

Na ce, "Kin yi salla a gidan?"

"Da la'asar ta yi na fita baranda na yi. Su suka nuna mini inda zan samu ruwa."

Na ce to. Ban ce ta kyauta ba. Ba a saba ba.

Talata, 12 ga Agusta, hantsi

Haladu ya zo. Ƙanin mijina marigayi Malam Ya'u ne, kuma shi ne shugaban kwamitin makaranta. Ya zauna a zaure yana fifita da hula.

"Yaya, gidan nan har yau ba shayi, sai wa'azi?"

"Kai mai shago, ka zo da sukarinka mana."

Ya yi dariya, amma ba ta kai ciki ba. Ya ce tun jiya duk wanda ya zo sayen taki sai ya tsaya yana kallonsa. Wani ya tambaye shi ko yanzu gidan Ya'u ranar Asabar suke hutu. Na bayyana masa cewa makoki ne. Ya ce, "Ni na yarda. To ko makokin ne, makokin wa? Ki zo kwamiti ranar Alhamis."

Alhamis, 14 ga Agusta, bayan azahar

Maza biyar a kan benci, ni a bakin ƙofa. Sun yi magana cikin mutunci, ba zan zalunce su ba. Suka ce iyalansu ne a ajina, kuma mazan sun fara tambaya. Suka ce abin da zai kashe wutar shi ne in kira yarinyar ta dawo gida.

Amsa tana bakina, a shirye, da hujjojinta. Amma baffanta yana zaune, da sa'o'in mahaifinta, kuma ita ce ta fari. Uwata ba ta taɓa tsaya mini a gaban mutane ba, ko ranar da aka yi mini ƙazafin satar awarwaro ina 'yar shekara tara. Kai ta kawar, kuma na san ƙauna ce. Ni ma na kawar da kai.

Haladu ya ce, "To, alhamdu lillahi, Malama ta amince." Aka shafa fatiha.

Juma'a, 15 ga Agusta, almuru

Kogi ya ƙaru. An fara jera buhunan ƙasa a jingar da ke tare wa gari ruwa. Ban kira ta ba.

Asabar, 16 ga Agusta, bayan azahar

Mata arba'in da ɗaya ne a rajista. Ashirin da shida suka zo.

Bayan an tashi Radiyya ta tsaya. Tun tana amarya take gabana, ni na ɗora ta a kan karatu har ta zama mataimakiya. Ta durƙusa, idonta jawur.

"Malama, ke kika koya mana darajar masallacin Ƙudus. Ke kika sa muke ware musu addu'a duk asuba. Yaran da ake tonowa daga ƙarƙashin gini, wa ya kai wa iyayensu kula?"

Na ce, "Ban san kowa ba."

"To, don me za a fara da su?"

Ban ba ta amsa ba, domin tambayarta gaskiya ce, kuma ba na rufe gaskiya da ƙarfin murya. Na dawo gida na kasa cin abinci. Ni ma na ga waɗannan yara a waya. Akwai wata mai ɗan kunne ɗaya da fuskarta ba ta rabu da ni ba tun bara.

Abin da na iya kaiwa gare shi bayan dogon tunani shi ne: ba a fara da su ba. Shekara huɗu tsohuwar nan tana tsaye a bakin shinge kafin kowa ya kai wa gidanta komai. Kuma wadda ta ce a je uwa ce daga cikin waɗanda ake kashewa, ba 'yar Haɗeja ba. Ina da ikon in fi Nawal fushi a kan ƙaninta, ina zaune a nan ƙarƙashin darbejiya?

Amma ina tsoron kada wannan hujja ta zo mini da sauƙi don kawai 'yata ce.

Litinin, 18 ga Agusta, bayan asuba

Na fito da littattafan mahaifina na duba babin maƙwabtaka da na ta'aziyya. Na sami saɓani, kamar yadda na zata. Akwai masu ƙuntatawa, akwai masu yalwatawa, kowa da madogararsa. Ban sami wanda ya ce zama a gidan mutuwa fita ne daga addini ba. Wannan ya ishe ni in tsaya a kai gaban Ubangijina. Ko zai ishi kwamiti, wannan wani abu ne dabam.

Laraba, 20 ga Agusta, hantsi

Mairo ta kawo mini tarwaɗa biyu, ta zauna tana korar ƙuda.

"An ce Adila tana hanya. Har an ce Haladu ya samo mata aiki a Dutse."

"Wa ya ce?"

"Ke kika ce. A gaban maza biyar."

"Ban ce komai ba."

"Ai shi ne. Malama, wannan kunyar taku ta Fulani wata rana sai ta sa an sayar da gidanki kina ciki kina kallon ƙasa. Ni da ɗan farina aka taɓa, da tuni Haɗeja ta ji ni har Miga."

Na ce shi ya sa har yau take izu biyu. Ta ce izu biyun da baki sun fi sittin da shiru. Na kore ta, ta tafi tana dariya, ta bar ni da maganar.

Alhamis, 21 ga Agusta, bayan la'asar

Ruwa ya shiga gonakin shinkafa na wajen Baturiya. Har da tamu ta da.

Ba zan rubuta komai a kan wannan gona ba.

Asabar, 23 ga Agusta, bayan azahar

Sha tara suka zo. Na yi darasi cikakke, ban rage ko layi ba. Zuciyata a natse take.

Lahadi, 24 ga Agusta, bayan la'asar

Ta kira. Labari ya kai mata ta wajen 'ya'yan Haladu. Na so in kawar da zancen, na tambaye ta jikin yarinyar Nawal. Ta ce yanzu mota biyu suke shiga, da tafiyar ƙasa a tsakani, domin direbobi biyu na ƙungiyar sun ajiye aikin bayan abin da ya faru. Sai ta ce:

"Iya, kin tuna Bintu?"

Na tuna.

Zan rubuta, tunda ita ta buɗe. Shekara goma sha bakwai ke nan da aka kawo gawar Malam Ya'u daga fadama a kan amalanke, bayan shanu sun shiga shinkafa an yi abin da aka yi. Ranar uku, wata tsohuwa daga rugar masu shanun ta zo, Bintu. Ba ɗanta ba ne ya aikata, kowa ya sani, amma rugarsu ce. Ta tako da ƙafa tun daga can da ƙwaryar nono a ka. Ta cire takalmi a ƙofa, ta ajiye ƙwaryar, ta zauna ba ta ce komai ba. Harshenta shi ne harshen uwata, Fulatanci, da na so, da na gaishe ta da shi. Na kira yarinyar, tana da shekara goma sha biyu, na ce ta ɗauka ta fitar mata da kayanta waje. Mata suka ce na yi daidai. Haladu ma ya ce na yi daidai.

"Ni na fitar da ƙwaryar, Iya. Tsohuwar ta karɓa ta ce mini Allah Ya raya. Da muka tsaya a ƙofar gidan Rifka, abin da nake ta jira ke nan, a miƙo mana kularmu."

Ban iya cewa komai ba. Wannan shirun ba na kunya ba ne.

Litinin, 25 ga Agusta, bayan asuba

Shekara goma sha bakwai ina koyar da babin yafiya, ban taɓa tuntuɓe a kansa ba. Ya kamata a ce na yi.

Na sa an tambaya. Bintu ta rasu shekara shida da suka wuce. Ba wanda ya je gaisuwa daga gidan nan.

Laraba, 27 ga Agusta, hantsi

Na aika wa Haladu ya zo, na gaya masa ban amince ba, ban kuma taɓa amincewa ba. Ya cire hula ya ajiye a gwiwa.

"Yaya, kin bar ni na yi wa mutane alkawari da bakina."

"Laifina ne, kuma zan faɗa a gaban kowa."

"Ke ba ki san kasuwa ba. Wallahi ba don kaina kaɗai ba ne. Jiya an jefi ƙofar makaranta. In aka janye mata gaba ɗaya, shekara ashirin ɗin taki fa?"

Ya ce kwamiti ba zai iya komawa baya ba. Ranar Asabar, ko in tsaya gaban mata in faɗi ranar dawowarta, ko in miƙa wa Radiyya rajista da mabuɗi. Da zai fita ya tsaya a zaure ya ce, "Ita ma yarinyar taurin kan nan a nono ta sha." Na ce a wajen baffanninta ta gada. Bai juyo ba.

Ba na ganin baƙinsa. Yana tsaron makaranta ne yadda ya iya.

Alhamis, 28 ga Agusta, bayan azahar

Ta kira tun kafin in neme ta.

"Iya, ki ce in dawo, in dawo. Wallahi ba zan riƙe ki a zuciya ba. Ajin nan shi ne rayuwarki. Nan za a sami wata ma'aikaciyar."

Na ce, "Mai jin Larabci, wadda Nawal za ta yarda ta bi, wadda 'yar Rifka za ta buɗe wa ƙofa?"



Na tambaye ta ko tana ganin abin da suke yi zai kawo zaman lafiya a birnin. Ta ce ba ta sani ba. Ta ce wani lokaci tana ganin kamar masu jera buhu ne a jinga, ruwa yana ta zuwa. Abin da ta sani kawai, yau Alhamis, an wanke wa yarinyar jini, kuma wani maƙwabcin Rifka, tsoho mai rawar hannu, shi ya zo da mota. Bai yi musu magana ba har suka isa. Jikan nan soja kuwa har yanzu in ya gan su sai ya tsallaka titi.

Kalma ɗaya ce a hannuna, kuma na san za ta bi. Na auna ta da kyau, domin ina son ajin nan fiye da yadda ya dace mai tsoron Allah ta so wani abu na duniya. Ina son yadda suke miƙewa in na shigo. Wannan ma na rubuta shi.

Na ce, "Ki zauna. Ki riƙe sallarki. Ki gai da Nawal, ki ce wata uwa a Haɗeja tana yi mata ta'aziyyar ƙaninta."

Juma'a, 29 ga Agusta, almuru

Jinga ta riƙe. Na goge wa rajista ƙura, na yi mata sabon bango.

Asabar, 30 ga Agusta, bayan azahar

Yau ajin ya cika har waje, da waɗanda ba ɗalibai ba. Haladu da mutum biyu suna tsaye a bakin taga.

Ban tsawaita ba. Na ce shirun da na yi a gaban kwamiti kunyar 'yar fari ce, ba amincewa ba, kuma kuskurena ne da na bari aka gina alkawari a kansa; ina neman afuwar Alhaji Haladu. Na ce abin da ke cikin hoton zaman makoki ne, na faɗi ko na wane ne, da abin da matar ta yi shekara huɗu. Na ce addu'ar da muke yi wa mutanen Falasɗinu ban janye ko harafi ba, gobe da asuba ma zan yi. Na ce akwai ranar da aka kawo mini gaisuwa har gida na mayar da ita, wasunku suna wurin, kun ce na yi daidai, ban yi daidai ba. Ba zan sa 'yata ta fitar da ƙwarya sau biyu ba. Ba za ta dawo da umarnina ba.

Wata daga baya ta ce, "Allah Ya shirya." Na ce amin, da ni da ke.

Na miƙa wa Radiyya rajista da mabuɗi. Ta ce a hankali, "Malama, har yanzu ban gamsu ba." Na ce ban nemi ki gamsu ba, ki dai kula da Bara'atu, ba ta gani sosai, a riƙa zaunar da ita gaba.

Na taho gida ta bakin kasuwa. Ba wanda ya jefe ni. Mutum biyu sun kawar da kai.

Talata, 2 ga Satumba, hantsi

Na share tsakar gida sau biyu. Ban san safiya tana da tsawo haka ba.

Asabar, 6 ga Satumba, bayan azahar

Da hantsi ya yi na ji muryoyinsu ta kan katanga, sun fara bita. Na zauna a bakin gado da hijabi a hannu, ina tuhumar niyyata: girman kai ne zai kai ni, ko shi ne zai hana ni? Da na ga ba zan iya rabe su ba, sai na sa hijabin.

Na cire takalmi a ƙofa, na wuce sahun ƙarshe na zauna. Karatu ya tsaya cak. Matar da ke damana ta janye tabarmarta. Ta haguna ba ta motsa ba.

Radiyya ta miƙe. "Malama, ga kujera."

"Yau ke ce Malama. Koyarwa aka karɓa a hannuna, ban ji an hana ni koyo ba. Ci gaba."

Ta daɗe a tsaye tana kallon rajista. Na san abin da take aunawa: kwamiti, da mazan da za su ji kafin la'asar, da tambayarta da ban amsa ba. Ajin nata ne yanzu, tana da ikon ta ce in fita, kuma da ta ce, da na fita.

Ta zauna, ta cire murfin biro. "Sunan sabuwar ɗaliba?"

Kafin in buɗe baki Mairo ta ce, "Ummussalma. A sa mata ido, Malama, ba ta jin magana."

Wasu suka yi dariya, wasu ba su yi ba. Mata uku suka naɗe tabarminsu suka fita. Radiyya ta bi su da kallo har suka ɓace, sannan ta rubuta sunan a ƙasan na kowa, ta ɗago ta ce in karanta daga inda aka tsaya.

Na karanta. Na yi sauri a wuri ɗaya, ta tsayar da ni, ta ce in maimaita. Gaskiyarta ce. Na maimaita.